Shin Diori Hamani ɗan koren Faransa ne? Fashin baƙi kan gwamnatin farko ta Jamhuriyar Nijar

Tun ranar 26 ga Yuli 2023, da sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, da wuya ka zauna a wata majalisa a Sakkwato a tashi ba a taɓo Nijar ba. Da farko zancen rufe iyaka ne da kayan da ke ruɓewa a cikin motoci. Da ƙura ta lafa sai gardama ta koma baya, aka shiga tono asali: wa ya fara ɗaure Nijar a gindin Faransa? A watan Oktoba 2024 mahukuntan Yamai suka cire sunan Charles de Gaulle, tsohon shugaban Faransa, daga wani babban titi suka maye shi da na Djibo Bakary, sai tambayar ta sami sabon kaifi. In Djibo ne gwarzo, to mene ne matsayin mutumin da ya kore shi, wato Diori Hamani, shugaban ƙasar na farko?

Kwanakin baya a tashar motocin Illela, muna jiran mota ta cika, wani saurayi riƙe da waya ya yanke hukunci da babbar murya cewa Diori ne ya sayar da ƙasar tun ranar farko. Wani dattijo mai fataucin albasa, yana zaune kan buhunsa yana ɓare goro, bai ko ɗaga kai ba ya ce: "Yaro, bari. Ni na ga zamanin Jori da idona. Mutumen ga ya ishe gida babu ko tabarma." Saurayin ya ce, "To Baba, mi ya hana shi saƙa ta?" Aka yi dariya, direba ya kira mu, zance ya mutu a nan. Amma kowanne daga cikinsu yana riƙe da wani yanki na gaskiya, kuma akwai wani yankin da duk su biyun ba su taɓa ba.

Me ake nufi da gwamnatin shugaban ƙasa ta farko?

Kalmomi uku ne mutane ke cakuɗawa: 'yancin kai, jamhuriya, da shugaba mai cikakken iko. 'Yancin kai shi ne ƙasa ta fita daga hannun mai mulkin mallaka. Jamhuriya ita ce ƙasar da shugabanta ba sarki ba ne mai gadon sarauta. Shugaba mai cikakken iko kuwa shi ne wanda ya haɗa kujeru biyu, shi ne kan ƙasa kuma shi ne kan gwamnati.

A Najeriya abubuwan nan uku sun zo a rarrabe, shi ya sa ɗan makarantarmu kan rikice. Mun sami 'yanci ranar 1 ga Oktoba 1960, amma Sarauniyar Ingila ta ci gaba da zama shugabar ƙasa a takarda har 1 ga Oktoba 1963 da muka zama jamhuriya. Ko a lokacin, Dakta Nnamdi Azikiwe shugaban ƙasa ne na jeka-na-yi-ka, iko yana hannun Firaminista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da firimiyoyin jihohi irin su Sardauna. Sai a 1979 muka ga shugaba mai cikakken iko, namu na gida, Alhaji Shehu Shagari.

Nijar ta bi ta wata hanya dabam, har ma ta juya tsarin. Ta zama jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958, tana nan a ƙarƙashin inuwar Faransa. 'Yanci ya biyo baya ranar 3 ga Agusta 1960. A watan Nuwamba na shekarar aka yi tsarin mulki, majalisar dokoki ta zaɓi Diori shugaban ƙasa, babu firaminista, babu firimiyan jiha da zai ja da shi. Wato abin da Najeriya ta shekara 19 kafin ta gwada, da shi Nijar ta buɗe ido. A riƙe wannan, don zai dawo mana a gaba.

Gidan da aka miƙa masa

Dattijon tasha bai yi ƙari ba. Ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267, ta fi Najeriya girma, amma mafi yawanta hamada. Mutanenta a 1960 wajen miliyan 3 ne. Babu teku, babu layin dogo ko taku ɗaya. Yaran da ke zuwa lakwal, kamar yadda 'yan'uwanmu na can ke kiran makarantar boko, ba su kai 5 cikin 100 ba. Jami'a ba ta samu ba sai a farkon shekarun 1970. Ko gada a kan kogin Kwara a Yamai babu, sai a 1970 aka buɗe gadar Kennedy. Kafin nan jirgin fito ne.

Ofisoshin gwamnati cike suke da Faransawa da 'yan Dahomey, wato Benin ta yau, saboda su ne masu takarda. Da rikici ya tashi tsakanin Nijar da Dahomey a ƙarshen 1963 a kan tsibirin Lete, Diori ya kori 'yan Dahomey, sai ga ofisoshi da ajujuwa sun yi fayau.

Ita kanta iyakar da ta raba mu, Bature ya zana ta a kan tebur. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta kafa tsinin alƙalami a kan birnin Sakkwato ta zagaya da'ira mai nisan mil 100. Da Faransawa suka ga hanyarsu zuwa Damagaram ta faɗa inda babu rijiyoyi, sai aka sake zama a 1904 da 1906 aka matso da layin kudu. Ta haka Ƙonni ta faɗa wancan ɓangaren. Maratta, inda aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yau tana cikin Nijar. Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni gida ɗaya ne, haka Katsinawan Maraɗi da na Katsina.

Akwai kuma wani miki da Faransawa suka bari. A 1926 suka ɗauke hedikwata daga Damagaram suka kai ta Yamai. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ba su natsu da kusancin Hausawan gabas da Kano da Sakkwato ba. Sakamakon haka boko da aikin gwamnati da aikin soja suka fi yawa a yamma, a tsakanin Zabarmawa, alhali yawan jama'a da gyaɗar da ke kawo kuɗi suna ƙasar Hausa. Wannan rabon ba Diori ya yi shi ba, amma a cikinsa ya tashi, kuma bai yi wani yunƙurin kirki na gyara shi ba.

Wi ko non: ƙuri'ar da ta raba 'yan gari ɗaya

Diori Hamani an haife shi a 1916 a Sudure, kusa da Yamai. Mushe ne, wato malamin makaranta, ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal inda Faransa ke horar da 'yan bokon yankin. Har Paris ya je ya koyar da Hausa da Zabarmanci ga Turawan da ake shirin turowa mulki. A 1946 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, reshen babbar ƙungiyar RDA ta su Houphouët-Boigny na Kodebuwa, kuma a shekarar aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Faransa. Ya kai har mataimakin shugaban wannan majalisa. Mutum ne da ya san lungunan Paris kamar yadda ya san na Yamai.

Djibo Bakary ma ɗan Sudure ne, kuma ɗan'uwansa ne. Shi ya bi ta ƙungiyoyin ƙwadago. Jam'iyyarsa Sawaba ta direbobi ce da 'yan dako da teloli da mahauta da ƙananan 'yan kasuwa, ƙarfinta yana Maraɗi da Tasawa da Damagaram. Duk ɗan Arewa da ya ji sunan zai tuna NEPU ta Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba, kuma ba a banza ba, akwai zumunci tsakanin jam'iyyun biyu, ana kai da kawo ta kan iyaka. A 1957 Djibo ne ya ci zaɓe, shi ne ya jagoranci gwamnatin cikin gida ta farko. Mutane da yawa ba su san wannan ba: kafin Diori, Djibo ne a gaba.

Sai de Gaulle ya hau mulki a 1958 ya kawo ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba. Wanda ya ce "wi" zai zauna cikin tarayya da Faransa da ɗan 'yancin cikin gida. Wanda ya ce "non" zai sami 'yanci nan take, amma ya san inda dare ya yi masa. Sékou Touré na Gini ya ce non. Djibo ma ya ce non.

Faransa za ta iya haƙura da Gini, ba za ta iya haƙura da Nijar ba. A arewacin Nijar akwai Aljeriya, inda take fama da yaƙin neman 'yanci tun 1954. A 1957 masu binciken ma'adinanta sun ga alamun yuraniyom a yankin Agadas, ita kuwa tana kan hanyar ƙera makamin nukiliya, wanda ta gwada a hamadar Aljeriya a 1960. A kudu kuma ga Najeriya, wadda ake tsoron Nijar mai 'yanci za ta jingina da ita. Sai aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, aka ƙaro sojoji, aka zagaya fadojin sarakuna ana nuna musu cewa Sawaba za ta tuɓe rawunansu. Sarakunan kuwa suna da dalilin tsoro, domin gwamnatin Djibo ta riga ta sauke wasu. Da aka ƙirga, wi ta sami kusan kashi 78 cikin 100, kuma waɗanda suka fito ba su kai rabin masu rajista ba. Djibo ya sauka, aka rusa majalisa, aka sake zaɓe a Disamba, Diori ya hau.

Don haka in saurayin tasha ya ce Faransa ce ta share wa Diori hanya, bai yi ƙarya ba. Wannan ba zargi ba ne, tarihi ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya sami Gini bayan ta ce non: Faransawa suka kwashe ma'aikatansu da kayan aikinsu da tallafinsu cikin 'yan watanni. Gini tana da teku da ruwan sama da ma'adinin bauxite, duk da haka ta ji jiki. Nijar da za ta bi wannan hanya ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun. Masu goyon bayan Djibo suna cewa da an jure, da an jingina da Najeriya da Gana. Mai yiwuwa ne. Amma a 1958 Najeriya ma tana hannun Ingila, kuma masu mulkin Arewa 'yan NPC ba su da wata sha'awar ganin ƙawar NEPU tana mulki a bayan katangarsu.

Igiyoyi uku: kuɗi, bindiga, ma'adini

'Yancin 1960 ya zo da takardu a maƙale. Ta farko ita ce kuɗi. Sefa, wadda Faransa ta ƙirƙiro a 1945, ta ci gaba da zama kuɗin ƙasa, darajarta a ɗaure da kuɗin Faransa, wani kaso mai yawa na ajiyar ƙasashen yana baitulmalin Paris. Amfaninta shi ne ba ta faɗuwa yadda ta ga dama. Illarta ita ce ƙasa ba ta da ikon juya kuɗinta daidai da buƙatarta.

Ta biyu ita ce yarjejeniyar tsaro ta 24 ga Afrilu 1961, wadda Nijar da Kodebuwa da Dahomey suka sa wa hannu tare. Ta ba sojojin Faransa damar zama, ta kuma yi alƙawarin agaji in an taɓa gwamnati. A jikin wannan takarda ce igiya ta uku take: ma'adinan da ke da amfani ga tsaro, ciki har da yuraniyom, Faransa ce ke da fifiko a kansu. An kafa kamfanin haƙar yuraniyom na SOMAIR a 1968, aka fara haƙa a Arlit a 1971, kason Nijar ƙarami, farashi kuma mai saye ne ke yanka shi.

A nan ne masu zargin Diori suka fi ƙarfi. Amma a duba wani abu: albashin ma'aikata da kasafin gwamnati a shekarun farko ba sa cika sai da tallafin Faransa. Wanda ke ci a akushin wani ba ya yi masa gatsali. Tambayar da ta dace ita ce, a cikin wannan ƙuncin, ya taɓa jan igiyar ko kuwa ya miƙa wuya kawai?

Inda ya juya wa Paris baya

Ya ja, kuma mu 'yan Najeriya ne muka fi kowa cin moriyar jan. Lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, gwamnatin de Gaulle ta karkata ga Biyafara. Kodebuwa da Gabon, manyan aminan Faransa, sun amince da Biyafara a matsayin ƙasa a 1968. Houphouët-Boigny kuwa shi ne ubangidan Diori a siyasa, tare suka kafa ƙawancen ƙasashen yankin mai suna Entente a 1959. Duk da haka Diori ya tsaya tare da gwamnatin Janar Yakubu Gowon, ya ƙi yarda a raba Najeriya. A watan Yuli 1968 a Yamai aka yi zaman sulhu na kwamitin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, Gowon ya je, Ojukwu ma ya je.

Ba tsabar ƙauna ba ce kaɗai. Diori ya san gyaɗar Magarya da Matamaye ta Kano take bi ta hau jirgin ƙasa, ya san shanun Tawa a kasuwanninmu ake sayar da su, ya san rabin mutanensa suna da dangi a wannan ɓangaren. Ya auna fushin Paris da fushin Legas ya ga wanda ya fi kusa da tukunyarsa. Daga wannan tsayuwa ce aka kafa hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar a 1971, kuma a zamaninsa aka ƙulla maganar jan wutar Kainji zuwa Yamai ta Birnin Kebbi, ko da yake layin bai fara aiki ba sai bayan faɗuwarsa.

Wani abin dariya a tarihin nan: mutumin da ya saɓa wa Faransa a kan Biyafara shi ne kuma ɗaya daga cikin iyayen ƙungiyar ƙasashe masu magana da Faransanci. A Yamai aka aza harsashinta ranar 20 ga Maris 1970, da shi da Senghor na Senegal da Bourguiba na Tunisiya a sahun gaba. A watan Maris 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar da aka haifa a gidanta, sannan sabon kundin mahukuntan soja ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa.

Ƙofar da ya rufe da hannunsa

Ga yankin da saurayi da dattijo duka suka tsallake, kuma a ganina nan ne laifin Diori na haƙiƙa yake, wanda ba za a iya jingina wa Bature ba.

A watan Oktoba 1959, tun kafin 'yanci, aka haramta Sawaba. Djibo ya yi gudun hijira zuwa Mali da Gana da Gini. Daga nan PPN ta zama jam'iyya ɗaya tilo. A zaɓen 1965 da na 1970 Diori shi kaɗai ne ɗan takara. Iko ya tattaru a hannun mutum uku: shi, da Boubou Hama shugaban majalisa, da Diamballa Yansambou Maïga ministan cikin gida, dukkansu daga yammacin ƙasar. Sarakuna aka mayar da su idon jam'iyya da masu karɓar haraji. 'Yan majalisa jam'iyya ce ke rubuta sunayensu a jeri ɗaya, talaka ya je ya jefa.

Sawaba da aka toshe wa hanyar akwati sai ta ɗauki ta bindiga. Ta tura samari horo a Sin da Aljeriya da Gana da Vietnam ta Arewa. A ƙarshen 1964 suka kutso ta kan iyakoki a ƙananan rukunoni, ciki har da yankin Ƙonni, nan bayan gidanmu. Sun zaci talakawa za su tashi su bi su. Ba a tashi ba. Gwamnati ta zuga ƙauyuka aka yi musu farauta, aka kama da yawa, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. A watan Afrilu 1965, ranar Babbar Sallah, wani ya jefa gurneti a filin idi yana nufin Diori, bai same shi ba. Bayan wannan kame ya ƙaru, mutane da dama suka mutu a tsare, wasu suka tsallako Kano da sauran garuruwanmu suka ɓace a cikin jama'a.

Masu kare Diori suna cewa zamanin ne haka, kusan duk maƙwabta jam'iyya ɗaya suke, kuma an ɗauki makami a kansa. Gaskiya ne. Suna ƙarawa da cewa ƙasar ta shekara kusan 14 ba juyin mulki, alhali Dahomey tana sauya shugabanni kamar riga, mu ma a nan ranar 15 ga Janairu 1966 aka kashe mana Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai shirun da aka samu yana da farashi. Gwamnatin da ta rufe bakin 'yan adawa, ta mayar da majalisa 'yan amshin shata, ta mayar da sarakuna masu kai rahoton da ake son ji, ta toshe kunnenta ne da kanta. Ranar da wani abu zai taso daga ƙauye, babu wanda zai kawo mata labari a kan lokaci.

Gyaɗa, lanho da fari

Abin ya taso. Tattalin arzikin Diori a kan gyaɗa yake tsaye, ita ce mafi yawan abin da ƙasar ke fitarwa. A 1962 aka kafa kamfanin gwamnati SONARA ya riƙe cinikinta, shi ke yanka wa manomi farashi, ribar da ke tsakani ta tafi Yamai. Ga lanho, harajin kai, ga jangali a kan dabbobi, kuma da kuɗi ake biya. Manomi ba shi da hanyar samun kuɗi sai gyaɗa, don haka gonar gero ta riƙa ragewa, saura da ake bari ta huta aka daina barinta, noma ya yi ta matsawa arewa cikin makiyaya duk da dokar 1961 da ta shata masa iyaka. Shekarun farko an yi damina mai kyau, kowa ya ɗauka haka za a dawwama. Sai Faransa, saboda ƙa'idojin kasuwar Turai, ta janye ƙarin farashin da take ba gyaɗar ƙasashen da ta mallaka. Farashi ya faɗi, lanho bai faɗi ba.

Daga 1968 ruwa ya fara ɗaukewa, 1972 da 1973 suka zo da ƙarshen ƙarshe. Garkunan Buzaye da Fulani suka ƙare a kan hanyar neman rijiya. A bakin Yamai aka yi sansanin Lazaret, cike da makiyayan da jiya suke da raƙuma ɗari. Mu ma a nan, lokacin Sakkwato tana hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, farin bai bar mu ba, kuma mun ga masu gudunsa. Mahaifiyata takan ba da labarin wani Buzu da ya sauka a zauren kakanmu da matarsa da 'ya'ya biyu. Ya kwance takobinsa da wata sarƙar azurfa ta matar ya ajiye a gaban kaka, ya ce a ba shi gero. Kaka ya auna masa, ya tura masa kayansa ya ce ya mayar. Mutumin ya shekara uku yana gadi a unguwar, kullum da butar shayinsa a kan ɗan murhun waya, bai taɓa yarda ya faɗi adadin raƙuman da ya rasa ba. Yawancin Buzayen da suka zama masu gadi a biranen Arewa ta wannan ƙofa suka shigo.

Gwamnatin Yamai ta yi jinkirin amsa cewa ana yunwa, kuma ana cikin haka masu karɓar lanho ba su daina zagayawa ba. Da agajin hatsi ya iso daga waje, wani kaso ya bi ta hannun manyan jam'iyya ya ɓulla a kasuwa da tsada. A Yamai ana ganin sababbin gidajen manya da ake ba Turawa haya, ana kuma ambaton sunan uwargidan shugaban ƙasa, Aïssa Diori, a cikin masu su. Ɗalibai da malamai suka yi ta yajin aiki. Ko lokacin da Shugaba Pompidou na Faransa ya kawo ziyara a Janairu 1972, da tumatir aka tarbe shi.

Daren 15 ga Afrilu 1974

A ƙarshen 1973 farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo, Faransa ta yanke shawarar dogara da wutar nukiliya. Diori ya ga dama ta samu. Ya haɗa kai da Gabon ya nemi a sake farashin yuraniyom a auna shi da na mai. A lokaci guda ya ƙulla yarjejeniyar tsaro da Libiya ta Gaddafi, abin da bai yi wa Paris daɗi ba, bai kuma yi wa hafsoshinsa daɗi ba. Ana tsakiyar ciniki Pompidou ya mutu ranar 2 ga Afrilu 1974. Kwana 13 bayan haka, cikin hutun Ista, Laftanar Kanar Seyni Kountché, babban hafsan sojan da Diori ya naɗa, ya kifar da gwamnati. An kashe Aïssa Diori a fada a daren. Sojojin Faransa suna cikin Yamai, yarjejeniyar 1961 tana nan a rubuce, ba su motsa ba.

Daga nan ra'ayi ya rabu biyu har yau. Wasu suna cewa Faransa ce ta kayar da shi saboda yuraniyom. Wasu suna nuni da cewa Kountché da ya hau bai daɗe ba ya sallami sojojin Faransa daga ƙasar, kuma farashin yuraniyom ya tashi a zamaninsa, abin da bai yi kama da aikin ɗan aike ba. Ni abin da na fi ba nauyi shi ne yadda gari ya karɓi labarin. Kountché ya ambaci zalunci da cin hanci da halin ko-in-kula ga masu yunwa, kuma babu wanda ya fito titi don kare Diori. Sojojin da aka tura ƙauyuka rabon hatsi sun ga abin da ministoci ba su gani ba. Ko da hannun waje ko babu, itacen ya riga ya ruɓe daga ciki.

Diori ya yi shekara 6 a tsare, mafi yawa a Damagaram, sannan ɗaurin talala har 1987. Ya rasu a Rabat ta Maroko a 1989. Djibo ya dawo gida bayan juyin mulkin yana zaton lokacinsa ya yi, a 1975 Kountché ya kulle shi shi ma.

Ina ruwan mutumin Illela da wannan tsohon labari?

Ruwansa da yawa. Je ka bakin iyaka ka tsaya wajen 'yan canji, ka ga yadda ake lissafin jika da naira. Sefar nan da Diori ya karɓa ita ce har yau a aljihun mutumin Ƙonni, a ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, ko bayan korar sojojin Faransa a Disamba 2023 da ficewa daga ECOWAS a Janairu 2025. Duk lokacin da naira ta faɗi, ɗan Nijar yakan shigo kasuwarmu da ƙarfinsa ya kwashi gero da masara da kayan masarufi, mai saye na gida ya ji a jikinsa, mai sayarwa ya yi murna. In wata rana Yamai ta saki sefa ta buga nata kuɗin, lissafin kowane ɗan kasuwa daga Illela zuwa Tangaza zuwa Sabon Birni zai sauya a dare ɗaya. Wannan ita ce igiyar da ta fi wuyar tsinkewa, shi ya sa aka bar ta ƙarshe.

Wutar Kainji da aka ƙulla a zamanin Diori ita ce Najeriya ta yanke a Agusta 2023, kuma mutanen can ba su manta ba. Da aka rufe iyaka, albasar Galmi da shanun Tawa suka tsaya a can, kayanmu suka tsaya a nan, har Maris 2024. Ba mamaki da ECOWAS ta rasa wanda za a saurara a Yamai ta haɗa Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ta tura su can. Lissafin da Diori ya yi a 1968, cewa Nijar za ta iya ɓata wa Paris amma ba za ta iya rayuwa da ƙofar kudu a rufe ba, bai tsufa ba. Ko layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi tsohuwar hanyar gyaɗa yake bi.

Yuraniyom kuwa, cinikin da aka katse a Afrilu 1974 shi ne aka ƙarasa ta wata fuska a Yuni 2025, da mahukuntan soja suka ƙwace SOMAIR ta zama ta ƙasa. Masu murna suna da hujja. Sai dai haƙo ma'adini abu ɗaya ne, fitar da shi daga ƙasar da ba ta da teku, da samun mai saye, da kai kuɗin ga rijiya da asibitin ƙauye wani abu ne dabam.

Akwai kuma gadon da ba a cika son ambata ba a majalisun da ake yabon sojoji. Kujerar da aka ƙera a Nuwamba 1960, mai tattara komai a hannun mutum ɗaya, ta koya wa ƙasar cewa hanyar sauke shugaba ta bariki ce: 1974, 1996, 1999, 2010, 2023. Yau jam'iyyun siyasa a rushe suke a Nijar, 'yan jarida suna auna kalma kafin su furta. Mahukuntan da suka ɗaga sunan Djibo Bakary a kan titi suna tafiyar da ƙasa ne a kan tsarin da ya kore shi. In damina ta ƙi a Tawa ko Filinge, wa zai faɗa wa fada, kuma a wane wata? Mu a Sakkwato mukan riga Yamai sani, don a zaurukanmu ake sauka.